Na zama shugaban ɗalibai amma ban san maganin da Babana yake sha ba

Assalamu alaikum. Satin da ya wuce wani ƙanina a makaranta, ɗan aji uku a tsangayar harhaɗa magunguna, ya turo min saƙo wai yana so ya tsaya takarar shugaban ɗalibai, in faɗa masa yadda na yi na ci nawa zaɓen. Na yi ta rubuta amsa ina gogewa har wajen ƙarfe ɗayan dare, ƙarshe na ce bari kawai in rubuta labarin gaba ɗayansa shi ya karanta wasu ma su karanta, don abun da zan faɗa masa ya fi ƙarfin saƙo ɗaya. Ba zan kama sunan kowa ba, har makarantar ma ba zan faɗa ba, don laifin nawa ne ba na wani ba.

Ni a kemis na tashi. Kawuna, ƙanin Ummanmu, yana da ɗan shago a bakin titin unguwarmu, tun ina firamare idan na dawo daga islamiyya can nake zama har bayan isha'i. Kafin in shiga sakandare na san magunguna da kalarsu, na san ja da yalo, na san farin da ake ba mai ciwon kai, kuma na ƙware a abun da mutane suka fi zuwa saya wato haɗi. Mutum zai dawo daga gona ko lebiranci ya ce yaro haɗa min na ciwon jiki, sai in ɓallo ƙwaya huɗu ko biyar daga sacet daban-daban in ƙulle masa a ƴar leda, gobe ya dawo yana sa min albarka wai ya kwana garau. A lokacin wallahi gani nake taimako muke yi. Kawu ma haka yake gani, mutumin kirki ne, ya sha ba talakawa magani bashi bai taɓa bin su ba.

Burina likitanci ne kamar kusan duk yaron da ya yi kimiyya a sakandare. Na rubuta JAMB sau biyu makin bai kai ba, a karo na biyu aka ba ni famasi, wato harhaɗa magunguna, a 2016 kenan. Ranar da labari ya zaga unguwa wani dattijo abokin Babana ya tambaye ni me zan karanta, na yi masa bayani, sai ya yi dariya ya ce au shekara biyar za ka yi a jami'a don ka dawo ka zauna a kemis, ai kawunka bai je ko'ina ba kuma ga shi yana yi. Shi wasa yake, amma maganar ta zauna min a zuciya shekara da shekaru. Yanzu da nake duba baya na gane duk neman muƙamin da na yi daga baya, rabinsa amsa nake ba dattijon nan, so nake a ga ni ma wani ne.

A aji biyu aka zaɓe ni wakilin aji, aikin da ba komai a cikinsa sai bin lakcara kana tambaya yaushe za a yi lakca, tara kuɗin fotokwafi, da shan zagi idan aka sauya lokacin gwaji. Na yi shi da kyau gaskiya. A aji uku na zama sakataren ƙungiyar ɗaliban tsangayarmu, a aji huɗu na tsaya takarar shugaba na ci. Daga ranar sunana ya ɓace, kowa sai Firesido, ko a masallaci aka idar da salla sai ka ji wani ya ce Firesido ina wuni. Abun yana da daɗi, duk wanda ya ce maka ba daɗi bai ɗana ba.

Kuma lokacin ya yi daidai da tashen maganar shaye-shaye. A 2018 BBC ta fitar da rahoton nan kan maganin tari mai kodin, gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi a farkon watan Mayu na shekarar, sannan a farkon 2019 aka fitar da binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumomin Najeriya, wanda ya ce mutum miliyan 14.3 ƴan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi amfani da ƙwaya a ƙasar nan. Na haddace waɗannan alƙaluman kamar karatun allo. Duk makarantar sakandaren da muka je wayar da kai sai na zuba su, in yi magana kan tiramadol da kodin, yara su tafa, a ɗauki hoto, da daddare in ɗora a Facebook ina ƙirga masu yabo. Ban ce aikin banza ba ne, a'a, akwai yaran da na tabbata sun amfana. Amma ni a raina hoton ya fi min yaran.

Babban abun da na sa a gaba shi ne makon lafiya, muka tsara shi ya faɗo daidai da 25 ga Satumba, ranar masana harhaɗa magunguna ta duniya. Wata biyu cur ina yawo ofis-ofis da shagunan magani ina raba takardar neman tallafi, lakca kuwa sai wadda na ga dama, faratikal ma na sha sa aboki ya rubuta min sunana. Muka kafa rumfa a kasuwa muna gwada wa mutane hawan jini da suga kyauta, ni da kaina da farar riga na ɗaura wa mutane da yawa awo a hannu ina musu nasiha, Baba a rage gishiri, Hajiya kar a daina shan magani. Ku riƙe wannan wajen don zan dawo kansa.

Matsala ta farko kuɗi ne. Na karɓi tallafi daga wurare da yawa, wani a hannu wani ta akawun ɗina na kaina, ina kashewa ba rasit ba rubutu, a ba mai kanofi, a ba mai lasifika, a sayi ruwa. Ma'ajiyarmu ta yi min magana sau biyu cewa komai ya bi ta hannunta a rubuta, na ce mata ba lokaci, aiki muke. Da aka zo lissafi a gaban ɗalibai aka samu giɓin da na kasa bayaninsa. Allah shaida ne ban ci ko sisi ba, amma wanda ba shi da rasit rantsuwa ba ta fitar da shi, wani daga bayan aji ya ɗaga murya ya ce ɓarawo, wasu suka yi dariya. Na tsaya da makirfo a hannu bakina ya bushe.

Ta biyu ta fi wannan. Sakamako ya fito a farkon 2020, na faɗi famakoloji, kwas ɗin da ake koyon yadda magani yake aiki a jiki, da wasu kwas biyu, kuma dokar makarantarmu a lokacin idan ka faɗi haka ba zancen gyara, aji za ka maimaita. Na karanta allon sau uku ina neman lambata a jerin waɗanda suka wuce. Daga nan ban koma hostal ba, na je bayan filin ƙwallo na zauna har magariba, ban yi kuka ba, kawai dai kaina ne ya yi fayau kamar an kwashe komai a ciki. Na yanke shawarar ba zan faɗa a gida ba. Sai ga korona, ga yajin aikin malaman jami'o'i da ya fara a watan Maris, aka rufe makaranta kowa ya tafi gida, ni kuma a raina na ce Allah ya rufa min asiri.

Cikin azumin shekarar, ana tsaka da kulle, wata asuba bayan sahur Baba ya miƙe zai yi alwala sai buta ta faɗi daga hannunsa, bakinsa ya karkace, yana magana ba a gane me yake cewa. Da ƙyar muka samu maƙwabci mai mota ya kai mu asibiti. Likitan da ya karɓe mu ya auna jininsa, na ga lambar da idona ta haura 200, ya juyo ya ce dama yana da hawan jini, wane magani yake sha. Umma ta nuna ni ta ce ga ɗansa nan, karatun magani yake a jami'a, shi zai faɗa maka.

Ban sani ba. Wallahi tallahi ban sani ba. Ban ma san an taɓa ce masa yana da hawan jini ba. Wata bakwai kafin ranar ina kasuwa ina ɗaura wa iyayen wasu awo ina ce musu kar a daina shan magani, uban da ya haife ni ban taɓa kama hannunsa na auna ba. Likitan bai ce min komai ba, ya dai kalle ni ya ci gaba da rubutu, kuma da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Da na koma gida ɗauko kaya na bincika ɗakinsa. A aljihun wata babbar riga na samu kwalin amlodifin, maganin hawan jini, da aka rubuta masa tun shekarar da ta gabata, ƙwaya kaɗan aka ɓalla a ciki, ashe da ya ji ciwon kai ya tafi sai ya ajiye, kamar yadda dubban mutanenmu suke yi, su a ganinsu hawan jini kamar zazzaɓi ne ka sha magani ya warke, alhali shi maganin kullum ne ko kana jin garau. A ƙarƙashin matashi kuma na samu ƴan ledoji na haɗi, irin ƙullin da hannuna ya saba, daga shagon Kawu. Na zazzage su a kan tabarma na ware. Akwai diklofenak, akwai ibufurofen, akwai ƴar ƙaramar farar nan deksametason. Biyun farko dangi ɗaya ne, ba a haɗa su tare, suna ɗaga hawan jini suna taɓa ƙoda da ciki, ta ukun kuma ita ma tana tara ruwa da gishiri a jiki ta ɗaga jini da suga. Duk wannan yana cikin famakolojin da na faɗi, a lakcocin da nake yawon neman kuɗin kanofi lokacin da ake yin su. Ba zan ce haɗin ne ya kwantar da shi ba, Allah ne masani kuma komai da lokacinsa, amma na zauna a kan tabarmar nan na yi kukan da ban yi a bayan filin ƙwallo ba.

Ya yi kusan sati uku a asibiti, aka sallamo shi ɓarin hagu ya shanye. Ni nake masa wanka, ni nake juya shi kar ya yi gyambon kwanciya, ni nake motsa masa hannu da ƙafa yadda masu gashin ƙashi suka nuna min. Na sayi na'urar awon jini da kuɗin da na sayar da wayata babba, na samu littafi mai shafi 80 na ja layi, kwanan wata, safe, yamma, maganin da ya sha. Na koma littattafaina na karanta komai game da magungunansa, ba don jarrabawa ba wannan karon, don ina tsoro. Abun mamaki karatun da da nake haddacewa in manta yanzu sai ya zauna, saboda kowane layi fuskar Baba nake gani a kai.

Wata rana da yamma ina matsa masa ƙafa na faɗa masa gaskiya, cewa na faɗi, zan maimaita aji, kuma ana bina kuɗin ƙungiya. Ya daɗe bai ce komai ba, maganarsa a lokacin sai a hankali. Can ya ce kuɗin mutane ka fara biya. Shikenan abun da ya ce. Sai da na miƙe zan fita ya ƙara da cewa kuma ka koma.

Maganar Kawu ita ta fi ba ni wahala, kuma har yau idan aka ce min shugabanci ita nake tunawa ba makirfo ba. Ta yaya zan je in ce wa mutumin da ya goya ni, ya biya min kuɗin JAMB, cewa abun da yake sayarwa shekara ashirin yana cutar da mutane, har da mijin yayarsa? Da a ce Firesidon da ne, da na je na zuba masa turanci da alƙaluma mun ɓata. Na yi sati biyu ina juya abun. Ƙarshe na koma zama a shagon kamar da, ina taya shi, na ɗauko na'urar awon na ce Kawu bari mu dinga gwada wa dattawa kyauta, zai jawo kasuwa. Ya yarda. Cikin ƴan kwanaki da idonsa ya ga yawan masu zuwa sayen haɗi da jininsu ya wuce 140 a kan 90 ba su sani ba. Wani dare muna rufe shago shi da kansa ya ce wai ni kam wannan haɗin yana da alaƙa da ciwon Yaya ne. Na ce Kawu ban sani ba tabbas, amma ga abun da littafi ya ce, na yi masa bayani a hankali ina kallon ƙasa. Bai amsa ba. Washegari na ga ya kwashe deksametason ɗin daga kan kanta. Bai daina komai a rana ɗaya ba, kasuwa ce kuma mutane suna matsa masa, amma ya daina haɗa diklofenak da ibufurofen tare, kuma duk wanda jininsa ya hau yana ce masa ya tafi asibiti.

Yajin aikin ya ƙare a ƙarshen Disamba, muka koma a 2021. Na shiga aji ɗaya da yaran da suka manna min fosta lokacin kamfen. Ranar farko na zauna a can baya, wani ya juyo ya ce Firesido, sai ya kama bakinsa, duk muka ji kunya. Na nemi ma'ajiyar nan na ba ta haƙuri, ita ce ta yi gaskiya tun farko, muka zauna muka fitar da adadin giɓin a rubuce, na dinga biya kaɗan-kaɗan daga kuɗin lesin da nake koyar da yara, duk biya sai na karɓi rasit. Wata takwas ya ɗauke ni. Ban sake neman kowane muƙami ba. Abun da kawai na yi shi ne duk Asabar da safe ina tara ƴan aji biyu da uku waɗanda lissafin awon magani yake ba wahala, miligiram nawa ga kilo nawa, mil nawa za a ba yaro, mu yi ta yi a allo. Mun fara mu shida. Ba fosta, ba hoto.

Sai wani yajin aikin kuma, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba 2022, wata takwas. Wannan karon ban zauna ba, na roƙi wata famasist mai shagon magani mai rajista ta bar ni in dinga zuwa ko ba biya. Matar nan ita ta koya min sana'ar. Ita ta nuna min yadda ake jera magani wanda zai riga lalacewa a gaba, yadda ake cike littafin magungunan da doka ta tsaurara a kansu ba a bar layi ko ɗaya ba, yadda ake duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa kafin a karɓi kaya daga dila. Kuma tana da doka ɗaya, ba ka sakin leda sai mai karɓa ya maimaita maka da bakinsa yadda zai sha. Na taɓa ba wata uwa maganin maleriya na yaro na ce sau biyu a rana na juya, ta kira ni gefe ta ce ka faɗa mata na biyun bayan awa 8 ne, ka faɗa mata ta ba shi da madara ko abinci mai maiƙo, ka faɗa mata ta ƙarasa kwana ukun ko zazzaɓin ya sauka? Na ce a'a Anti. Ta ce bi ta. Na bi matar da gudu har bakin titi.

Na gama a 2023, shekara bakwai a karatun shekara biyar. Ranar da hukumar PCN mai kula da sana'ar harhaɗa magunguna ta rantsar da mu an kawo Baba da sanda, ya zauna a layin baya saboda matakala. Abokan shigata tuni wasu sun gama bautar ƙasa, ya ɗan sosa min rai ba zan ɓoye ba.

A shekarar intanshif, wato sanin makamar aiki bayan gama karatu, a asibiti wata takarda ta zo hannuna, dattijo mai hawan jini, gwajin ƙodarsa ba kyau, an rubuta masa diklofenak na sati biyu saboda ciwon gwiwa. Ni ne mafi ƙanƙanta a wajen, kuma duk wanda ya yi aiki a asibiti ya san yadda abun yake tsakanin likitoci da ƴan famasi. Hannuna har rawa yake. Na nuna wa babbanmu ya ce je ka same shi. Na je na yi sallama na ce ranka ya daɗe na ga sakamakon ƙodar baban nan ne, ko akwai dalilin da ya sa aka zaɓi wannan, in ba haka ba ko za a duba wani. Ya karɓa ya duba ya ce kai ban ga gwajin ba, ya soke ya rubuta wani, ya ce na gode, ya ci gaba da ganin layinsa. Abun bai kai minti biyu ba, ba wanda ya sani sai mu.

To ƙanina, ban ce kar ka tsaya ba. Ƙungiyar ɗalibai tana koya abubuwan da aji ba ya koyarwa, ni a can na koyi tsayawa gaban mutane da rubuta wasiƙa da shiga ofishin manya ba tare da gwiwa ta yi sanyi ba, kuma da ita na iya tunkarar likitan nan. Amma ka duba sakamakonka na zangon da ya wuce tukuna, idan makinka yana lilo a bakin 50 ka bari sai baɗi. Idan ka ci, kar kuɗin mutane ya kwana a akawun ɗinka ko na dare ɗaya, ka bar ma'aji ya yi aikinsa ko da zai ɓata maka lokaci. Kuma kafin ka buga fosta ka kira gida ka tambayi wane magani iyayenka suke sha, in ka je hutu ka sa su zazzage maka ledar a gabanka.

Yanzu ina aiki a wani shagon magani a cikin gari. Magani ya yi tsada tun bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira, kullum sai na ga mai hawan jini yana tambaya ko zai iya shan rabi ko ya dinga tsallake rana, in zauna da shi mu nemo mai sauƙin kuɗi wanda yake da rajista. Baba yana nan da sauƙi alhamdulillah, yana zuwa masallaci da sanda, hannun hagun ne dai bai dawo ba. Littafin awon nan muna kan na biyar, ƙanwata ce take cikewa idan ba na nan ta turo min hoto. Na yau da safe 134 a kan 82. Dattijon nan abokinsa kuwa, mai cewa zan dawo in zauna a kemis, duk ƙarshen wata jikansa yake kawo min takardarsa, shi ma amlodifin yake sha.